Dalí ne ya gina gidan tarihinsa da kansa, to wa zai ba mu sauran labarin?

Duk wanda ya je Basalona kuma yana da rarar yini guda, shawarar da za a fara ba shi ita ce ya hau jirgin ƙasa ya yi arewa zuwa Figueres, wani ɗan gari a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya dab da iyakar Faransa, ya je ya ga gidan tarihin Salvador Dalí. Ni ma shawarar da zan bayar kenan, ba na ja a kan wannan ko kaɗan. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da wurin, kuma maganar ta wuce Dalí shi kaɗai, ta shafi duk wani gidan tarihi da aka keɓe wa mutum ɗaya tak, wato shin aikin irin wannan gida ya nuna mana mutumin ne yadda yake ko kuwa ya ci gaba da yi masa talla bayan ransa. Ni dai a ganina na Figueres ya ƙware wajen talla, kuma jama'a na bin masu riƙe da shi bashin rabin labari.

Ga wanda bai san shi ba, Dalí ɗan garin ne, a nan aka haife shi a 1904, a nan ya mutu a Janairun 1989. Shi ne mai dogon gashin baki da yake murɗe shi sama, shi ne ya zana agogunan nan da suka narke suna rataye a reshen bishiya. Salon da ya yi suna da shi ana ce masa suriyalizim, tafiya ce da André Breton ya kafa a Paris a 1924 da wasu marubuta da masu zane da suka fito daga yaƙin duniya na farko suna ganin cewa idan wannan hankalin da Turai ke taƙama da shi ne ya kai mutane ga yanka juna haka, to gara a koma a saurari mafarki da abin da zuciya ke ɓoyewa. Sun sha karatun Freud, likitan nan mai nazarin mafarki da tunanin ɗan Adam, sosai. Dalí ya shige su a 1929, kuma bai daɗe ba ya fi su duka suna, abin da wasunsu ba su taɓa yafe masa ba.

Tun daga waje ginin zai gaya maka irin mutumin da za ka haɗu da shi. Bango ja jawur an manna masa siffar burodi reras, a saman hasumiya ga manya-manyan ƙwai farare a jere, can tsakiya kuma ga ƙubbar gilashi wadda Emilio Pérez Piñero ya tsara. Kana shiga tsakar gida sai ka ci karo da baƙar mota Cadillac, an tsayar da gunkin wata ƙatuwar mata a kan gabanta, a bayanta an jibga tayoyi sun yi tsiri an ɗora kwalekwale a can ƙoli, kuma idan aka jefa kwabo a wani ɗan akwati sai ruwa ya fara zuba a cikin motar, a ciki fa, ba a waje ba. Akwai ɗakin da za ka shiga ka ga kujera ja mai siffar leɓe da murhu mai ƙofa biyu da hotuna biyu a bango, ba ka gane komai ba, sai ka bi layi ka hau matakala ka leƙa ta wani gilashi sai kawai kayan ɗakin nan su haɗe su zama fuskar Mae West, 'yar fim ɗin Amurka. Akwai babban zanen matarsa Gala ta juya baya tana kallon teku, idan ka ja da baya kamar mita 18, ko ka kalla ta kyamarar waya wadda ke ƙanƙantar da shi, sai ya rikiɗe ya koma fuskar Abraham Lincoln. A wani ɗakin ka ɗaga kai sama ka ga tafin ƙafar Dalí da na Gala sun cika silin kamar suna haurawa sama sun bar ka a ƙasa. Kuma mai zuwa da yara ya sani akwai tsiraici a zane-zanen ba kaɗan ba, gara a sani tun kafin a sayi tikiti.

Wallahi abin burgewa ne, ba zan yi wa mutumin rowar yabo ba. Abin da ma ya fi burge ni ba waɗannan wasannin ido ba ne, wani ɗan ƙaramin zane ne na kwandon burodi a gefen teburi da ya yi a 1945, babu agogo mai narkewa babu giwa mai dogayen ƙafafu, gutsuren burodi ne kawai a kwando da haske ya sauka a kansa, amma idan ka tsaya a gabansa za ka gane cewa duk haukan da mutumin nan yake nunawa a gaban 'yan jarida, hannunsa ba ya wasa, ya zauna ya koyi aikin kamar yadda tsofaffin gwanaye suka koya. Mutane da yawa wucewa suke yi ta gabansa a guje suna neman agogunan, alhali ainihin zanen agogunan na 1931 ba ya ma Figueres, yana Niyok a gidan tarihin zane na MoMA, kuma ɗan mitsitsi ne, bai wuce santimita 24 da 33 ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce wannan gida ba wasu ne suka zo bayan mutuwarsa suka tattara aikinsa suka auna ba. Shi ya zaɓi wurin, shi ya tsara ɗakunan, shi ya ce a sa kaza a nan a sa kaza a can, bai so a cika bango da bayani ba, bai so a jera zanen bisa shekaru ba, so yake ka shiga ka ruɗe ka fito kana mamakinsa. A shekarunsa na ƙarshe ma a hasumiyar da ke jikin ginin ya zauna, bayan gobarar da ta ƙona shi a gidansa na Púbol a 1984, kuma a ƙarƙashin dandamalin gidan aka binne shi, mutane na taka dutsen da ke saman kabarin suna ɗaukar selfi da yawa ba su ma sani ba. Gidan nan kirari ne mutum ya tsaya ya yi wa kansa, kuma mai yi wa kansa kirari ba ya ambaton ranar da aka kayar da shi.

Ga abin da kirarin ya tsallake. Ginin nan tsohon gidan wasan kwaikwayo ne na garin, kuma wuta ce ta cinye shi a 1939 a ƙarshen yaƙin basasar Sifaniya, ya zauna kufai shekara da shekaru. Dalí ya bayar da dalilansa na zaɓen wurin, ya ce shi mai zane ne mai son wasan kwaikwayo, ga cocin da aka yi masa baftisma yana kallon ginin, kuma a zauren wannan gidan aka fara nuna zanensa yana yaro. Duk gaskiya ne. Amma Figueres ta farkon 1939 ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin ƙasar, jiragen yaƙi sun yi wa garin ruwan bama-bamai, majalisar jamhuriya, wato ɓangaren gwamnatin da sojoji suka yi wa tawaye, ta yi zamanta na ƙarshe a kan ƙasar Sifaniya ne a ganuwar Sant Ferran da ke bakin garin ranar 1 ga Fabrairu, kuma ta wannan yankin ne dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara a ƙafa cikin sanyi zuwa Faransa suna gudun sojojin Janar Franco, wanda ya ci yaƙin ya kafa mulkin kama-karya, kusan rabin miliyan suka tsallaka iyaka a 'yan makonni. Wannan kufan da Dalí ya ƙawata da ƙwai da gumaka masu ruwan zinare tabon wancan yaƙin ne.

Shi kuma wane ɓangare ya tsaya? A lokacin yaƙin bai tsaya ko ina ba, ya yi zamansa a waje, duk da cewa a 1936 watanni kaɗan kafin a fara ya zana wani dodo yana yayyaga jikinsa da kansa wanda daga baya aka ɗauka a matsayin hangen yaƙin, zanen yana Philadelphia yanzu. A watan Agustan shekarar ne mutanen ɓangaren Franco suka harbe amininsa na ƙuruciya, mawaƙi Federico García Lorca, a kusa da Granada. Abokansa na suriyalizim sun riga sun fara ƙyamarsa tun 1934 saboda yadda yake maganar Hitler kamar wani abin sha'awa, zuwa 1939 sun raba gari gaba ɗaya. Ya tafi Amurka a 1940, ya yi kuɗi ya yi suna, ya dawo gida a 1948 ya rungumi gwamnatin Franco hannu bibbiyu. Sun gana da Franco, an ba shi babbar lambar girma ta ƙasa a 1964, ya zana jikar Franco a kan doki, kuma gwamnatin ce ta sa kuɗi aka fara gyaran kufan nan a 1970.

Ku duba waɗannan ranakun guda biyu. An buɗe gidan tarihin ranar 28 ga Satumban 1974. Ranar 27 ga Satumban 1975, shekara guda cif ba kwana ɗaya, gwamnatin Franco ta harbe mutum biyar bayan shari'ar kotun soja, duniya ta yi ca, Fafaroma ya roƙa a yi musu sassauci ba a ji ba, ƙasashen Turai da dama suka janye jakadunsu. Dalí fa? Fitowa ya yi a gaban 'yan jarida ya goyi bayan kisan. Abin ya fusata mutane har aka jefi gidansa na Portlligat da duwatsu, ya tattara ya bar ƙasar na wani lokaci. Franco ya mutu a Nuwamban shekarar. Wannan ba tsegumi ba ne ko abin da maƙiya suka ƙirƙira, yana cikin tarihin rayuwarsa da aka rubuta, amma mutum zai iya shafe awa uku a cikin gidan nan yana dariya yana mamaki ya fito ya sayi kofi mai hoton gashin baki ya koma jirgi, tunaninsa kawai wani tsoho ne mai barkwanci.

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma ba duka ne na banza ba. Wasu za su ce a raba zane da mai zane, kwandon burodin nan bai harbi kowa ba. Na yarda, kuma da a ce zanen yana rataye ne a wani babban gidan tarihi tsakanin aikin mutum ɗari, da ba zan nemi a manna masa tarihin siyasar mai shi ba. Amma Figueres ba haka take ba, a nan mutumin ne kayan kallon, fuskarsa da gashin bakinsa da matarsa da gadonsa da kabarinsa, shi da kansa ya ƙi raba kansa da aikinsa, ya ce ku zo ku kalle ni. To idan shi za mu kalla ai sai a bari mu kalle shi duka, ba zai yiwu a ce rayuwarsa tana da muhimmanci idan ana maganar soyayyarsa da Gala amma ta zama ba ruwan kowa idan an zo maganar Franco ba.

Wasu kuma su ce ai wasa yake yi, Dalí bai taɓa faɗin magana da gaske ba, yabon Franco ma wani salon tsokana ne. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Mai yiwuwa ne a ransa wasa ne, Allah kaɗai ya san zuciya, amma lambar girman ba wasa ba ce, kuɗin ginin ba wasa ba ne, kuma iyayen waɗanda aka harbe ba su ji maganar a matsayin barkwanci ba. Mutumin da ya mayar da kansa mahaukacin gari don duk abin da ya faɗa a ce ƙyale shi haka yake, dabara ya yi, kuma dabarar ta ci tunda ga shi shekara 30 da wani abu bayan mutuwarsa ana kare shi da ita.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ba mu rayu a lokacin ba. Gaskiya ne yaƙin basasar nan ba ɓangare ɗaya ne ya yi ta'asa ba, an kashe limaman coci da yawa a yankin jamhuriya, ƙanwar Dalí ma Anna Maria jami'an ɓangaren jamhuriya sun tsare ta a lokacin yaƙin kuma ta sha wuya, mutum yana iya fitowa daga irin wannan da tsoron juyin juya hali har ƙarshen ransa. Wannan ma ya kamata a faɗa, ina so a faɗa. Amma tsoro daban, fadanci daban. Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifaniya, ya ƙi komawa ƙasar har ya mutu a 1973, kuma ya hana a kai zanensa na Guernica Sifaniya sai mulkin ya sauya, sai 1981 aka kai. Joan Miró, wanda shi ma ɗan Kataloniya ne kuma ya yi tafiya da 'yan suriyalizim, ya koma gida tun farkon shekarun 1940 ya zauna a ƙarƙashin mulkin yana aikinsa shiru bai zama mawaƙin fada ba, har ya buɗe nasa gidan a Basalona a 1975. Kenan akwai hanyar zama a ƙasar ba tare da ka tafa wa masu harbi ba.

Ba cewa nake a rufe gidan ba ko a ƙaurace masa, kuma ba cewa nake a shiga ɗakin Mae West a manna takardar bayani a kan kujerar ba, haba, wannan ɓata aiki ne. Ɗakunan da ya tsara su kansu aikin fasaha ne, a bar su yadda ya bar su har ruɗanin da ke ciki. Abin da nake cewa kawai a ware ɗaki guda a hanyar fita, kafin a kai shagon sayar da tsaraba, wanda ba Dalí ne ke magana a ciki ba. A sa hoton ginin yana kufai, a sa hoton mutanen da ke tafiya a ƙafa zuwa iyaka, a sa Lorca, a sa ƙanwarsa, a sa ganawarsa da Franco da jaridun Satumban 1975, ba sai an zage shi ba, takardun sun isa. Gidauniyar da ke kula da gidan, wadda shi ya kafa a 1983, tana da masana da rumbun takardu, ba ƙarancin ilimi ne zai hana ba. Kuma tunda a wasiyyarsa ƙasar Sifaniya ya bar wa dukiyarsa, abin da ya ɓata wa 'yan Kataloniya da yawa rai a lokacin, to kayan na jama'a ne, jama'a na da bakin magana. Ƙasar da ta yi dokar tunawa da tarihi a 2007 ta ƙara wata a 2022, ta tono gawar Franco kansa daga katafaren kabarinsa a 2019, ba za a ce ɗaki guda a Figueres ya fi ƙarfinta ba.

Idan kana so ka ga bambanci ka duba gidan René Magritte a Brussels ta Beljiyam, shi ma ɗan suriyalizim ne, mai zana mutane da baƙar hula da tuffa ta rufe fuska. Ya mutu a 1967, ba a buɗe gidan ba sai 2009, wasu ne suka tsara shi, suka bi rayuwarsa daki-daki har da zanen tallan da ya yi don neman abinci da lokacin da ya sauya salo masu sharhi suka yi masa dariya. Bai kai na Dalí armashi ba ko kusa, gaskiya idan yaro za ka kai Figueres zai fi so, amma kana fita da sanin mutum. Na Dalí kuwa kana fita ne da abin da ya ga dama ka sani.

Sannan abin yana ƙara gaba ne ba baya ba. Akwai wani gidan Dalí ɗin a St. Petersburg ta jihar Florida a Amurka, wanda aka buɗe a 1982 da tarin zanen da wasu ma'aurata, Reynolds da Eleanor Morse, suka shafe shekaru suna saye, aka koma sabon gini a 2011. A 2019 suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira suka dawo da shi a allo, tsayinsa guda, yana motsi yana yi wa baƙi magana har ya ɗaga waya ya ɗauki selfi da su. Na tabbata da yana raye da ya fi kowa murna, mutumin da ya yi tallan cakulan a talabijin ya tsara tambarin alawar Chupa Chups a 1969, ya kuma rattaba hannu a kan dubban fararen takardu da babu komai a kansu, abin da ya cika kasuwa da jabun aikinsa har yau masu saye ke kuka. Amma ka tambayi kanka, cikin duk maganganun da ya yi a rayuwarsa wa ke zaɓar wanda wannan Dalí na allo zai maimaita? Mai sayar da tikiti ne ke zaɓa, kuma ba zai zaɓi na 1975 ba.

Kuɗi ne a gindin maganar, kowa ya sani. Gidajen Dalí uku na yankin, Figueres da Portlligat da Púbol, a shekaru masu kyau suna karɓar baƙi sama da miliyan guda, otal-otal da gidajen abinci da masu tasi na garin duk a jikin gashin bakin nan suke ci, kuma ana tsoron kada a ɓata wa baƙo rai. Ni ban yarda baƙo zai gudu ba. A 2017 kotu ta sa aka ɗaga dutsen nan aka tono gawarsa saboda wata mata da ta ce ita 'yarsa ce, gwajin ƙwayar halitta ya nuna ba haka ba ne, kuma labarin da ya zaga duniya a washegari shi ne wai gashin bakin yana nan yadda yake bai lanƙwashe ba. Wurin da aka tono mai gidan da daddare aka mayar kuma mutane suka ci gaba da bin layi, ba hoton jarida guda huɗu a bango ne zai kore su ba.